Gidanmu Ba Shi da Lamba

Mu da muka tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Rano da Kibiya ba mu taɓa zaton gidanmu ɓatacce ne ba, sai ranar da muka zauna gaban kwamfuta za mu aika da ɗan labarinmu wata gasa. Fom ya tambayi jiha, muka zaɓi Kano. Ya tambayi ƙaramar hukuma, muka zaɓi Kibiya. Da aka iso gurbin sunan titi da lambar gida sai muka yi turus, ga shi kuwa in ba a cike wurin ba na'ura ba ta barin mutum ya wuce.

'Yan'uwa marubuta, a da ba haka muka san adireshi ba. A bayan ambulan sunan mutum ake sawa, sannan a ce ta hannun hedimasta wane. Takarda ta sauka Rano, mai zuwa cin kasuwa ya sako ta a aljihu, wani lokacin ta kwana biyu a shagon tela, amma dai ta iso. Wato adireshinmu mutane ne, kowa ya miƙa wa wanda ya sani.

Ita kuwa kwamfuta ba ta da maƙwabci da za ta tambaya. Hawa-hawa take nema, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma zuwa gari, kowane a gurbinsa, sannan ta gwama da lambar nan mai alƙaluma 6 ta hukumar gidan waya, NIPOST. Ukun farko suna nuna shiyyar da ake rarraba wasiƙu, ukun ƙarshe kuma wurin da za a kai. Birnin Kano 700 ne, Rano da Kibiya 710. Gaskiya tsarin yana da amfaninsa, don akwai Yalwa a Rano, akwai Yalwa a Dala, in ba lamba wa zai raba gardama? Sai dai lambar a bakin gari take tsayawa, ba ta shiga lungu.

To, mun gaji da jan rubutun da ke ta fitowa, muka rubuta Lamba 1, Titin Masallaci. Nan take ta karɓa. Daga baya muka ji abokinmu na can ƙarshen gari shi ma abin da ya rubuta ke nan, kuma har yau ba mu san gidan da za a kai takardar ba in Allah ya sa ɗayanmu ya ci.