Shekara Bakwai Ina Waƙa a Coci, Ba Na Magana da Ƙanena

Ni haifaffen Wusasa ne a Zariya. A gindin cocin St. Bartholomew, tsohon ginin ƙasar nan na 1929, na yi wasan ƙuruciya. A ɗakin mahaifinmu akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa, bugun 1932, wanda ya gada wajen kakanmu. Don haka na tashi ina ganin ceto ma gado ne, kamar gida ko gona.

In dai ibadar da ido ke gani ce, mai karatu, ba wanda zai nuna mini yatsa. An yi mini baftisma, ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ba na fashin sujadar Lahadi, baikona kuwa ba ya yankewa. Amma da mahaifinmu ya rasu, sai na haɗe gonar fadama da ya bar wa ƙanena cikin tawa, wai ni ne babba. Da ya yi magana, na ce ya raina ni. Shekara bakwai ko gaisuwa ba ta haɗa mu, alhali coci ɗaya muke, ƙoƙo ɗaya muke sha a Jibin Ubangiji.

Wata Lahadi na dawo ina ta jin daɗi, don an yaba wa muryata. Inna tana wanke-wanke a tsakar gida. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Sai ta miƙo mini wani kwano, ta ce, "Kai wannan, duba mini, ya fita?"

Bayansa sai ƙyalli. Da na juya cikinsa, ga ƙanzon tuwon jiya.

Na ce, "Inna, ai ba ki wanke ciki ba."

Ta ce, "To, haka nake ganin ka in kana waƙa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma daren nan barci ya ƙaurace mini. Na san inda ta samo maganar: Matiyu sura 23, inda Yesu ya tsawata wa Farisiyawa kan wanke bayan ƙoƙo a bar cikinsa. Na tuna Nikodimu a Yohanna sura 3, babban malami ne, amma aka gaya masa sai an sake haifar mutum. Na tuna Zakka mai karɓar haraji a Luka sura 19. Da zuciyarsa ta juya, da bakinsa ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Ni fa? Na haddace labaran nan tun ina yaro, amma ko ɗaya bai taɓa aljihuna ba.

A daren na yi addu'ar da ba ta cikin littafi. Na ce wa Allah ni ɓarawo ne, ya canza ni don ni na kasa.

Da gari ya waye na nufi gidan ƙanena. Na daɗe a ƙofa kafin ya fito. Na ce gonarsa ce, kuma zan biya amfanin shekarun da na ci. Bai rungume ni ba, bai ma ce ya yafe ba. Ya dube ni kawai, ya ce, "Yaya, shigo ka sha ruwa."

Ba mayar da gonar ce ta saya mini ceto ba. A bangaskiyarmu ceto alheri ne, ba a sayensa. Amma da alherin ya shiga ciki, hannuna ya kasa ci gaba da riƙe abin wani. Har yau ina biyan bashin, buhu-buhu duk kaka. Har yau kuma ina waƙa a coci, sai dai yanzu ƙanena yana ɗaga kai in na fara.