Faifan da muka bari rana ta lanƙwasa

A Amurka faifan garmaho ya dawo kasuwa, har a 2022 aka saye shi fiye da CD, rabon da a ga haka tun 1987. Cikin waɗanda aka sake bugawa akwai "In Spite of Ourselves" na John Prine, wanda ya fitar a 1999 bayan an yi masa aikin ciwon daji a wuya. Mutumin da ya fara da raba wasiƙu a yankin Chicago, ya gayyato mata mawaƙa irin su Iris DeMent da Emmylou Harris, ya ba da baiti, a mayar masa. Ya rasu a 2020, amma ga muryarsa nan a sabon faifai, da sunan kowane makaɗi a jikin kwali.

Irin wannan waƙa ba baƙuwa ba ce a garinmu Ketare. Zamanin shirin ilimin firamare na UPE, bayan 1976, aka turo mana wani malamin firamare mai garmaho ɗan akwati, mai aiki da batir. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya zaro faifai daga kwali, ya riƙe shi ta gefe da tafin hannu biyu, ya hure ƙurar hunturu, sannan ya sauke allura a hankali. In allurar ta fara tsalle, sai ya ɗora mata kwabo a ka. Jim Reeves da Don Williams muka fara sani, amma wanda ya kama zuciyata shi ne na Porter Wagoner da Dolly Parton. Turancinmu bai wuce na aji uku ba, duk da haka muna gane lokacin da take yi masa ƙorafi da lokacin da yake lallashi. Kunnen da ya saba da mawaƙi da 'yan amshi ba ya ɓata a nan.

Dattawa kuwa ba su matsowa sai an sa Shata. Da kalangu ya tashi, mai dawowa daga gonar auduga zai jingine kekensa, ya tsaya har faifan ya ƙare, ya ce, "Malam, a juya mana bayansa." Haka in an sa Ɗan Maraya da kuntiginsa.

Sai kaset ya shigo, ga araha, ga shi ba ya tsoron rana kamar faifai. Faifai ya koma bayan ɗaki. Na ga wanda zafi ya lanƙwasa a kan rufin kwano, na ga yara suna gara wani a layi. Abin yana yi mini ciwo har yau.

Shata ya rasu a 1999, shekarar da faifan Prine ya fito. Barmani Choge ta Funtuwa ta bi shi a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Yanzu in kana son waƙoƙinsu, sai ka miƙa wayarka a rumfar masu tura waƙa a kasuwar Ƙanƙara ko ta Sheme, a zuba maka kwafin kwafi, wata an yanke farkonta, wata kalangun ya dushe, ba shekara, ba sunan makaɗa. Wataƙila wasu tsofaffin faya-fayan na asali suna nan a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da akwatunan magada. Da jami'o'inmu na Katsina da Zariya za su tattaro su, a tace sautin, a sake bugawa da yardar iyalan mawaƙan, wallahi da ni za a yi layin saye.