Ɗakin Awo Na Samaru: Inda Zare Da Agogo Suke Koyar Da Gaskiya

Idan matafiyi ya baro birnin Zariya ya kama hanyar Funtuwa, bayan ya wuce Kwangila da Palladan, sai ya iso Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello wadda aka buɗe a shekarar 1962. Yawancin baƙi dogayen gine-gine da babban ɗakin karatu suke zuwa kallo. Amma a Sashen Fiziks, watau ilmin motsi da halayen abubuwa, akwai wani ɗaki da ya cancanci a leƙa, shi ne ɗakin gwaje-gwaje na sababbin ɗalibai.

Wanda ya shiga da zaton zai ga manyan injuna, to, zai sha mamaki. Dogayen tebura ne, a kansu akwai zare, da 'yan duwatsun awo, da waya, da kwalabe. Ɗalibai kuwa sun kasu ƙungiya-ƙungiya, kowa da littafinsa.

Gwajin da aka fi sani shi ne na lilo. Akan ɗaura ɗan dunƙulen ƙarfe a bakin zare, a kaɗa shi kaɗan, a ƙidaya zuwa da dawowarsa sau 20 da agogo a hannu. Idan tsawon zaren mita 1 ne, kowane zuwa da dawowa yakan ci kusan daƙiƙa 2. Tun wajen 1602 Galileo na ƙasar Italiya ya lura cewa tsawon zare shi yake yanke wannan lokaci. Daga nan ɗalibi zai lissafa ƙarfin da ƙasa take jawo abubuwa da shi, watau abin da ya faɗo gudunsa yakan ƙaru da kimanin mita 9.8 cikin daƙiƙa, a kowace daƙiƙa.

A wani tebur ana rataya nauyi a jikin sifirin. In an ninka nauyin, miƙewarsa sai ta ninku, kamar yadda Robert Hooke na Ingila ya bayyana a 1678. Amma in aka wuce iyaka, ba ya komawa yadda yake. Can gefe ana sakin ƙwayar boris cikin doguwar kwalbar mai don auna kaurinsa. Wasu kuma suna duban yadda ruwa yake hawa siririn bututun gilashi da kansa, daidai yadda kananzir yake bin lagwani a fitila.

Wahalar aikin tana cikin ƙananan abubuwa. Iskar taga ko ta fanka tana iya karkatar da lilo. Yatsa yakan makara wajen tsai da agogo. Kaurin waya kuwa sai an auna shi da na'urar da take raba milimita ɗaya gida 100, kuma a wurare daban-daban, domin kuskure kaɗan a nan yakan ɓata lissafin duka.

To, a nan jarrabawar gaske take. Kowane ɗalibi ya riga ya san amsar da ke cikin littafi. Idan awonsa ya ba shi 9.3 maimakon 9.8, hanya biyu ce a gabansa: ko ya gyara alƙaluma a ɓoye, ko ya rubuta abin da ya gani, ya nemi inda kuskure ya shigo, ya sake. Malamai na biyun suke nema, don sun san ramin ƙarya ƙurarre ne.

Dalili kuwa a fili yake. Daga irin wannan ɗaki injiniyoyi suke fitowa. Wanda ya saba tauye mudu a kan zare, ranar da aka ba shi awon rodin gada ko na bene, rayukan jama'a ne za su biya. A jami'ar nan ce kuma aka kunna tukunyar nukiliya ta bincike ta farko a Nijeriya a 2004, aikin da ba ya yafe kuskuren awo.

Saboda haka duk wanda hanya ta bi da shi Samaru, in ya hangi yaro ya ƙura wa zare ido yana ƙidaya a hankali, kada ya ce wasa yake yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.