Aikatau da Ɗan Rakiyarsa: Ingilishi a Bakin Ɗan Damagaram

Duk wanda ya taɓa gyara takardun jarrabawar Ingilishi a Damagaram ya san inda jan biro ya fi zuba. Dogayen kalmomi irin su “administration” da “development” ba sa ba ɗalibi wahala, domin Faransanci ya riga ya ba shi su kyauta. Tuntuɓen yana wajen ƴan ƙananan kalmomin nan masu bin bayan aikatau, irin su “for” da “to” da “on” da “up”, waɗanda nahawu ke sanyawa cikin haruffa. Ɗalibi zai rubuta shafi guda a kan tattalin arziki ba gargada, amma ya zo ya ce “I am waiting my brother”, ya bar “for” a hanya.

Dalilin wannan yana cikin hanyar da Ingilishi ya biyo kafin ya iso. Tun da Faransawa suka ci Zinder a 1899, suka kuma mai da ita hedikwatar mulkinsu har zuwa 1926 da aka koma Yamai, Faransanci ne harshen boko. Yaro yana fara Ingilishi ne a ajin farko na koleji, kuma galibi da Faransanci ake yi masa bayani. Ke nan tunani yakan taso da Hausa, ya yada zango a Faransanci, sannan ya sauka a Ingilishi. Kano kuwa, wadda ayarin fatake ke haɗa ta da Zangon Damagaram tun kafin zamanin Sarki Tanimu, tana nan kusa, kuma can ne ɗalibai da ƴan kasuwa da dama ke buƙatar harshen. Ga shi kuma kundin da Nijar ta ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Abin da a da darasi ne na cin jarrabawa, yanzu ya shafi neman abinci.

Kuskure mafi taurin kai shi ne wanda Hausa da Faransanci suka haɗa baki a kansa. Bahaushe yana jiran mota, yana sauraron rediyo, yana neman aiki, yana kallon wasa, duk ba tare da wani harafi tsakanin aikatau da karɓau ba. Faransanci ma haka yake yi da “attendre” da “écouter” da “chercher” da “regarder”. Ingilishi kaɗai ya ware, ya ce sai “wait for”, “listen to”, “look for”, “look at”. Shaidu biyu sun tsaya wa ɗalibi, don haka kunnensa ba ya jin akwai giɓi. Akwai kuma akasin haka, inda yake cusa harafin da ba a gayyata ba. Faransanci na cewa “discuter de”, Hausa na cewa a tattauna a kan magana, sai ɗalibi ya rubuta “discuss about”, alhali Ingilishi “discuss” kawai yake so. Haka “entrer dans” ke haifar da “enter in the room”, “dépendre de” ya haifar da “depend of” maimakon “depend on”.

Wajibi ne kuma a rarrabe abu biyu da suka yi kama a ido. A cikin “look after”, ƙaramar kalmar tana riƙe da karɓau a bayanta, ba ta rabuwa da aikatau: “look after him”. A cikin “pick up” kuwa, tana iya matsawa, kuma idan karɓau wakilin suna ne dole ya shiga tsakiya: “pick it up”, ba a cewa “pick up it”. Rukuni na biyun nan ne ya fi firgita ɗalibai, domin Faransanci ba shi da takwaransa. Yakan dunƙule ma’anar cikin aikatau guda, kamar “ramasser” ko “abandonner”.

Akwai wani malamin Ingilishi a wata koleji da ke kusa da Birni wanda ya daɗe yana fama da wannan darasi. Shekara da shekaru yana ba yara jerin kalmomi su haddace, kowace da fassararta ta Faransanci a gefe, su kuwa suna mantawa da zarar an tashi daga jarrabawa. Daga baya ya sauya salo. Yakan tambayi aji bambancin “ya ci tuwo” da “ya cinye tuwo”. Babu yaron da ke jinkiri: na biyun bai rage komai a akushi ba. Sai ya rubuta “eat” da “eat up” a allo, ya bar su su ja layin da kansu. Daga nan sai sha da shanye, “drink” da “drink up”. Sai ɗan kasuwar da ya sayi gero da wanda ya saye geron kasuwa, “buy” da “buy up”.

Abin da malamin ya dogara da shi sananne ne ga ɗaliban kimiyyar harshe. Tun 1960 F. W. Parsons ya tsara aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai, Paul Newman kuma ya faɗaɗa bayanin a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Giredi na huɗu yakan nuna an gama da abu kakaf, kamar yadda “up” ke yi a misalan da suka gabata. Giredi na biyar yakan nuna abu ya bar hannun mai aikatawa: jefar da, zubar da, wato “throw away” da “pour away”. Giredi na shida yana janyo aiki zuwa wajen mai magana, kamar bambancin koma da komo, “go back” da “come back”. Aikin da Hausa ke yi da ɗafa-ƙeya, Ingilishi yakan yi shi da kalma mai zaman kanta. Wuri ne ya bambanta, dabarar ɗaya ce.

Har ma inda ma’ana ta kauce gaba ɗaya, Hausa ba ta rasa abin nuni. Ɗalibi kan yi ƙorafin cewa “give up” ba shi da alaƙa da bayarwa ko da sama, “put up with” kuma ba ya nufin ajiye komai. Amma shi da kansa yana cin amana, yana cin bashi, yana shan kashi, yana shan alwashi, bai taɓa neman cokali ko moɗa ba. Ya san cewa kula da yaro daban, kula mutum daban, kuma ya koyi “yarda da” da “dogara da” a dunƙule, tun bai san sunan nahawu ba.

Wannan kwatance yana da iyaka. “Up” na cikin “give up” ba giredi na huɗu ba ne, kuma babu ƙa’idar Hausa da za ta faɗa wa mutum dalilin da ya sa ake cewa “married to” ba “married with” ba. Irin waɗannan sai sauraro da karatu da maimaici. Abin da Hausa ke bayarwa shi ne fahimtar cewa aikatau da ɗan rakiyarsa tare ake ɗaukarsu, ba a haddace ɗaya a bar ɗaya. Ɗaliban Jami’ar André Salifou da ke neman batun kundi suna da fili a nan: a tattara ainihin rubutun ƴan koleji da lise na Zinder, a ware kurakuran da suka fito daga Faransanci, da waɗanda suka fito daga Hausa, da waɗanda harsunan biyu suka yi tarayya a kansu. Malaman da ke tsaye gaban allo za su amfana da wannan jeri fiye da littafin da aka rubuta domin yaran Paris.