Gidan ƴan kwana-kwana na Belsize

Ƙanena da ke aiki a Landan ya turo mini hoton wani gini ta WhatsApp, ya ce in canki ko mene ne. Ga bulo, ga rufi mai gangara, ga hasumiya. Na ce coci ne. Ya ce a'a, tsohuwar tashar ƴan kwana-kwana ce ta unguwar Belsize, a arewacin birnin.

Tsakanin 1912 da 1915 aka gina ta. A wancan zamani mai kashe gobara a Landan ba ya tashi daga aiki ya tafi gida, don gidansa a wurin aikin yake: motoci a ƙasa, wurin kwana a sama, masu aure tare da iyalansu. Da an kaɗa ƙararrawa, mutum ya ajiye cokali ya sauko.

Ginin yana cikin gine-ginen tarihi da dokar Ingila ta kare, a mataki na II*, ba a rushe shi ko a sauya masa fasali sai da izini. Amma a watan Janairun 2014, lokacin da Boris Johnson ke magajin gari, aka rufe tashar tare da wasu tara don tsimin kuɗi. Daga baya aka mayar da ita gidajen zama. Na tambayi ƙanena ko albashin ɗan kwana-kwana zai sayi ɗaya daga ciki. Dariya kawai ya yi.

Abin ya tsaya mini a rai saboda ni ma na taɓa zama a irin wannan gida. Da na gama makarantar horon malamai aka tura ni wani ƙauye a jihar Tahoua, aka ba ni ɗaki biyu a bayan azuzuwa. Ba wani kyau gare shi ba, da damina har yoyo yake. Amma uban da ɗansa ya daina zuwa lakwal ya san inda zai sami mushe bayan isha'i, ƴan ajin ƙarshe kuma suna taruwa a ƙofata da fitila kafin jarrabawa. Su Turawa sun tsare bulo, mutanen ciki sun watse. Mu ko bangon ba mu tsare ba.

Bara na bi ta ƙauyen. Kwanon rufin ya tafi. Malamin yanzu daga gari yake zuwa a babur, in fetur ya yi tsada ya makara. Na ɗauki hoton gidan na tura wa ƙanena, na ce shi ma ya canka. Ya ce garken awaki.