Cinikin Biri a Sama

Mai sayen tsohon gida yakan duba harsashi da takardun fili, amma ba safai yake ɗaga kai ya dubi silin ba. Alhali kuwa gidajen ma'aikata da dama da aka gina a Kano da Kaduna cikin shekarun 1970, rufinsu da silinsu na asbestos ne, wato wani ma'adini mai zare-zare da akan cuɗa da siminti don wuta ba ta cin sa.

Muddin allon bai tsage ba, illarsa kaɗan ce. Amma da zarar kafinta ya sa masa zarto, sai ƙurar da ido ba ya gani ta tashi, ta maƙale a huhu. Cututtukanta, har da sankara, kan ɓuya shekara 20 zuwa 40 kafin su bayyana. Don haka Birtaniya ta haramta shi ɗungurungum a 1999.

Wajibi ne mai sayarwa ya faɗi gaskiya, gama ɓoye aibin haja haramun ne. Mai saye kuwa ya kira masani ya duba, ya rage kuɗin sauya rufi daga farashi. Ranar ɓamɓara, a jiƙa allunan, a cire su ɗungum, a nisanta yara.