Masu Tsaya wa Baƙo a Kasuwar Kurmi

Mutumin Maraɗi ba ya buƙatar a yi masa bayanin gudun hijira. Garinmu ma masu gudu ne suka raya shi, Katsinawan da suka bar birninsu bayan 1807 suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya tsayar musu da sarauta a bakin gulbi. A 2019 kuma mun ga dubun-dubatar 'yan uwanmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallako ƙasar Gidan Rumji, 'yan bindiga sun koro su. Mutanen ƙauyuka suka buɗe musu rumbuna tun kafin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kwashe wasu zuwa Garin Kaka da Cadakori. Da wannan ido na shiga Kano ta hanyar Jibiya, kuma abin da na tarar a Kasuwar Kurmi ya cika mini ido.

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar a gefen Jakara. Lungunanta matsattsu ne, sai ka raɓe kafin mai kaya a ka ya wuce. Ƙamshin turaren wuta na haɗuwa da warin jima, ga dukawa, ga masu sirdi da linzami, ga kanwa jibge a buhu. Unguwannin cikin birnin kuwa kusan kowace da baƙinta na asali: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna. Littafin tarihin Kano ma ya kawo labarin Dagaci, wani babban ɗan sarautar Barno da ya iso da jama'arsa da malamansa zamanin Sarki Dauda, tun kafin Rumfa, aka ba shi masauki a Ɗorayi.

Duk wannan ya tsaya ne a kan fatoma. Shi ke sauke baƙo a gidansa, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in aka ba shi bashi kuma shi ne jingina. Ayarin raƙuma ya daina zuwa, amma ɗabi'ar tana nan a jinin 'yan kasuwar, ita ce kuma ta yi aiki lokacin da Gwoza da Bama da Mubi suka faɗa hannun Boko Haram a 2014, Baga ta biyo baya a farkon 2015. Mafi yawan waɗanda suka tsira ba su taɓa kwana a sansani ba. Gidajen mutane suka sauka, wasu a Maiduguri da Yola, wasu suka miƙe har Kano.

A tuna halin da Kano take ciki a lokacin. An kai mata mummunan hari ranar 20 ga Janairu 2012, sannan ranar 28 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi a Babban Masallacin Juma'a, ɗan taƙi kaɗan daga Kurmi. Mutum in ya ce daga Barno yake, sai a ƙara dubansa. Wanda ya je gaban mai unguwa a irin wannan yanayi ya ce "na tsaya masa", ya sa wuyansa ne da na iyalinsa. A ganina wannan ya fi buhun shinkafa nauyi nesa ba kusa ba.

A layin 'yan hula na daɗe a rumfar wani dattijo. Ina zaune wata mata ta zo da ƙullin zane, ta durƙusa daga gefe ta kwance: huluna ne irin ɗinkin Bama, ba a ko wanke su ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya cikinta, ya bi saƙar da babban yatsa, ya ɗaga ta sama ya duba ko haske na ratsawa. Ya biya ta, ya ciro sabon zare da ƙyalle ya ba ta, ya rubuta a wani littafi da bangonsa ya sha hannu.

Na ce, "Baba, wannan zaren fa, da me ta jingina?"

Ya ce, "Malam, wanda ya baro gidansa da kayan jikinsa me zai jingina? Limamin unguwarsu ne ya kawo ta. In ta kawo aiki mu cire namu, saura nata."

Hula ɗaya mai kyau takan ci makonni ana ɗinki, don haka ba arziki ake tarawa ba. Amma matar tana ciniki da kanta, har na ji ta ƙi sallama ɗaya sai da ya ƙara mata.

Bayan la'asar na ga wani yaro yana bin rumfuna da 'yar jaka, kowa na jefa abin da ya samu. Karo-karo ne na 'yan layin. Ba ofis, ba allo, ba mai ɗaukar hoto. Da shi ake biyan hayar ɗaki ga wanda aka kora, ko kuɗin magani, ko likkafani in baƙo ya rasu ba dangi kusa. Matasan unguwa masu ƙungiyoyin taimakon kai da kai, waɗanda aka fi sani da yashe kwata da gyaran maƙabarta, su ke sanin wane soro ne babu kowa, wane mai gida ne zai yarda a zauna masa. 'Yan agajin masallatai kuma su ke rakiya asibiti. Gwamnati ta yi nata, don a 2015 ta ɗauko marayu daga Barno ta sa su makarantar kwana a Mariri, sai dai abin da ya riƙe dubban mutane shi ne wannan na cikin lungu.

Ba kowa hannun ya kai gare shi ba. Akwai matan da ke kwana a kangaye a bayan gari, da yara masu bara a kan titi, musamman waɗanda rikicin Zamfara ya watso daga baya, manoman da ba su zo da sana'ar da kasuwa ke nema ba. Wannan ya tsaya mini a rai. Tsarin Kurmi ya fi kama wanda ya samu mai gabatar da shi.

Wanda ya samu kuwa, ba ya daɗewa ana kiransa ɗan gudun hijira. Dattijon ya nuna mini wani saurayi a ƙarshen layi yana ɗora huluna a kan gungume bayan wanki. Yaron shagonsa ne a da, daga Bama ya zo, yanzu yana da tebur nasa da yara biyu a ƙarƙashinsa. Da mai jakar karo-karo ya iso wurinsa bai tsallake shi ba. Saurayin ya goge hannu a riga, ya zaro kuɗi ya jefa, ya ci gaba da aikinsa.